Mota Mai Kofato

Malamin da ya koya mini riƙon alƙalami a makarantar mishan, can cikin duwatsun kudancin Borno, ba ya yarda yaro ya tsaya kame-kame a bakin ƙofa. Sai ka faɗi abin da ya kawo ka kafin ka zauna. Har yau ina bin wannan horo. Abin da nake so a shekarar da zan ba da labarinta shi ne makullin mota guda ɗaya. Ina so in bar ramin gareji, in wanke baƙin mai daga farcena, in zauna a bayan sitiyarin sabuwar babbar motar maigidanmu, ta yadda in ta wuce za a ce, "Ga motar wane can," a kuma kira sunana.

A lokacin jirgin ƙasa bai iso Maiduguri ba tukuna. Duk abin da zai shiga gari ko ya bar shi, daga gyaɗa da ƙiraga har bandar kifin tafkin Chadi, a bayan babbar mota yake tafiya. Ni ne babban makaniki a garejin wani Alhaji, Balaraben Shuwa, wajen Gomari, a hanyar filin jirgin sama. Mahaifinsa makiyayi ne, shi ma a bayan shanu ya girma, sai daga baya ya zauna birni, ya shiga fataucin dabbobi, ya sayi motoci. Amma idonsa bai taɓa barin garke ba. In mota ta dawo daga tafiya yakan zagaya ta a hankali, ya shafa gefenta, ya duƙa ya dubi tayoyinta, kamar yadda ake duban saniyar da ta kwana a daji.

Garejin nan ni na tsara shi. Kowace sufana tana da ƙusarta a bango, an jera su daga babba zuwa ƙarama, kuma ba na ɗaura noti sai na wanke shi da kananzir. Ina kuma da lasin tuƙi, wanda na ci a gwajin farko, ko da yake ban taɓa yin amfani da shi ba sai in zan gwada motar da na gyara, in kai ta bakin titi in dawo.

Akwai kuma taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina. Rana ɗaya aka kai mu makaranta. Ni na gama. Shi ya tsere tun ba a je ko'ina ba, wai ƙararrawa tana hana shi tunani. Ya bi motoci, ya yi karen mota, ya zama direba, kuma ni da bakina na roƙa masa aiki wajen Alhaji, aka ba shi tsohuwar motar da ta fi kowace tari. Dogo ne, mai fara'a, hularsa kullum a karkace. Kanuri yana zuba a bakinsa kamar a Tsohuwar Maiduguri aka yanke masa cibiya, Larabcin Shuwa ma haka. Ni kuwa in na gaida mutum da Kanuri sai ya amsa mini da Hausa don ya rage mini wahala. Da yake wasan taubasai ya ba shi dama, ba ya kirana da komai sai Hedimasta.

Abokin gabar kowane mai mota a ƙasar nan shi ne firki, baƙar ƙasar da ta shimfiɗu gabas da gari, ta wajen Dikwa har kan iyaka. Da rani takan tsattsage ta yi tauri kamar dutse. Da ruwa ya taɓa ta sai ta koma miyar kuɓewa a sama, danƙo a ƙasa. A ƙarshen wata damina motarmu guda ta kafe a cikinta da lodin ƙiraga, ta yi kwana da kwanaki, har kayan suka fara ruɓewa. Da aka jawo ta gida, Alhaji ya kira ni gindin darbejiyar da yake zama.

"Injiniya," in ji shi, don haka yake kirana, "na je na gani da idona. Ƙafa ɗaya tana cikin taɓo tana ta juyawa kamar mai aljanu, ɗayar tana kan busasshiyar ƙasa ta tsaya tana kallonta. Wace irin dabba ce wannan?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, haka aka ƙera ta."

"To, wanda ya ƙera ta bai taɓa kiwo ba. Zan sayi sabuwa. Mota mai kofato nake so. Kai za ka zaɓo."

Wajibi ne in bayyana abin da Alhaji ya gani, don ba na son mai karatu ya bi ni a duhu. A tsakiyar aksul na baya, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin hagu da na dama, akwai wata tukunyar ƙarfe cike da haƙora. In mota za ta sha kwana, tayar waje tana da tafiya mai nisa fiye da ta ciki, to tukunyar nan ce take barin kowace ta juya gwargwadon tafiyarta. A kan titi wannan hikima ce babba. Amma tukunyar tana da halin uwa mai sangarta ɗa: duk ƙarfin injin sai ta miƙa wa tayar da ba ta riƙe komai ba, ta bar wadda ta taka ƙasa da yunwa. Maganin haka shi ne wata na'ura da ke ɗaure tayoyin biyu su juya tare, suna so ko ba sa so. A garejinmu sakata muke ce mata, don aikinta ke nan.

Na ɗauki zaɓen nan kamar jarrabawa. Na fara da wani mai walda a bayan kasuwa, don na ji wasu direbobin hanyar Baga suna kai masa motocinsu ya narka haƙoran tukunyar ya haɗe su wuri guda. Na tarar da shi a kan aikin. Da na dubi abin da ya yi, sai na ji kamar na ga an ɗinke wa mutum gwiwa. Motar da aka yi wa haka tana ratsa yashi, wannan gaskiya ne, amma in ta hau titi ba ta son kwana, tana goge taya, kuma wata rana sandar aksul za ta murɗe ta karye a inda babu ko inuwa. Ya miƙo mini benci, ban zauna ba.

Daga nan na tafi kantin wani ɗan Ibo mai sayar da kayan mota, wanda muke haɗuwa da shi a coci ran Lahadi. Shi ke yi wa Alhaji odar kaya daga Ikko. Ya ce sabuwar motar za a iya kawo ta da ɗaya daga cikin sakata iri biyu. Akwai mai kama kanta, wadda ba ruwanta da direba, ita ke kullewa ita ke saki yadda ta ga dama. Akwai kuma mai hannu, wadda ake ja da wani ɗan ƙarfe a gefen kujerar direba kafin a shiga taɓo, a kuma saki in an fito.

"Masta, ɗauki mai kama kanta," in ji shi. "Direbobinku na san su. Mutum ya ja hannun nan, ya fito daga taɓo, ya hango mai fura a bakin hanya, shi ke nan ya manta. Kafin ya je ko'ina aksul ya ce ƙaras. Ni ba zan yi kuka ba, ni zan sayar muku da sabo."

Na ce zan yi nazari, na kuwa yi. Ya ba ni aron wata tsohuwar mai kama kanta da aka cire daga motar masu haƙar rijiyoyi. Na kwance ta a kan farin ƙyalle, na wanke, na auna haƙoranta ɗaya bayan ɗaya. Ƙira ce mai kyau, ba zan danne mata haƙƙinta ba. Amma na nemi motar da ke da irinta na shiga, na ji yadda take kamawa tana saki a kan kwana, da wata ƙara kamar an karya ƙashi, bayan motar yana fizga. In buhuna sun yi tsiri sun wuce kan bodi, kuma gefen hanya yana da santsi, fizga ɗaya ta isa ta kwantar da mota. Mai hannu kuwa ba ta yin komai sai an sa ta, ba ta kuma bari sai an sake ta. Aibinta ɗaya ne: tana bukatar direba mai tsari, wanda ba ya mantuwa.

Wannan aibi bai rage mini son ta ba. Na jera direbobin Alhaji a zuciyata, na bi su ɗaya bayan ɗaya, ban ga wanda tsarinsa ya kai ba. Mutum ɗaya ne a garejin nan bai taɓa manta noti ba. Amma ko da an ajiye wannan gefe, zaɓena daidai ne, kuma in aka sake tambayata gobe ita zan zaɓa.

Na kai wa Alhaji bayani a gindin darbejiya, taubashina yana zaune a kan wata tsohuwar taya yana ɓare gyaɗa. Na shirya jawabi mai kai da gindi, amma Alhaji ya katse ni tun ban kai rabi ba.

"Tsaya. Ta farkon, ita ke yanke wa kanta shawara?"

"Ita ce, ranka ya daɗe."

"Ta biyun sai an kira ta?"

"Sai an kira ta."

"Dabbar da ke zaɓar wa kanta lokacin taurin kai ba ta kwana a garkena. Kawo mai jin kira."

Taubashina ya ce, "Alhaji, ai da ka bar Hedimasta ya ƙare karatun. Tun shekaranjiya yake yi wa madubi shi, har madubin ya fara hamma."

Alhaji ya yi dariya har rawaninsa ya motsa. Ni ban yi ba.

Motar ta iso damina ta yi nisa, kai da ƙashi kawai, ba bodi. Kafintoci suka yi mata bodin katako a gabana, na sa suka kwance gefe guda suka sake kafawa, don ya karkace da faɗin yatsa. Na bi kowane noti na ƙarƙashinta. Na zubar da man da kamfani ya sa wa tukunyar na zuba nawa, don ban san hannun da ya zuba wancan ba. Hannun sakatar kuwa na goge shi, na yi masa mai, na yi ta ja ina saki har tafina ya san nauyinsa kamar yadda ya san nauyin cokalina. Ranar da fenti ya bushe na sami Alhaji shi kaɗai, na gaya masa a fili cewa ina da lasin, kuma motar nan tana bukatar wanda ya san cikinta.

Sai ya ce, "Ba a sanin saniya a turke. Mu ga tafiyarta tukuna."

Muka fita da hantsi a lokacin dashen masakwa, dawar nan da ake dasawa a firki in ruwa ya fara janyewa. An ɗora wa motar buhunan yashi don ta ji nauyi. Ni ke tuƙi, Alhaji a tsakiya, taubashina a bakin ƙofa, don Alhaji ya ce ya biyo mu ko za a bukaci mai riƙe igiya. A hanya Alhaji ya ce in koya wa taubashina yadda ake aiki da hannun. Na so in taƙaita, na kasa. Ban taɓa iya koyar da abu rabi ba. Na gaya masa duka: a tsaya a ja hannun kafin taɓo, ba a cikinsa ba, kada a ja shi taya tana juyawa, a riƙe sitiyari a miƙe, kuma da zarar taya ta taka tauri a saki, tun kafin a kai kwana ta farko. Shi kuwa ya leƙa ta taga yana ɗaga wa mata masu dashe hannu.

Na ce, "Kana ji kuwa?"

"Ina ji, Hedimasta. A ja, a saki. Ko da aikin gida?"

Bayan mun wuce wani ƙauye a hanyar Dikwa muka iso inda hanya ta nutse. Kwari ne mai faɗi, baƙi ƙirin, ruwa kwance a sawun motocin da suka sha wuya. A gefe guda wata mota ta kafe har aksul da lodin banda, direbanta da mutanen ƙauyen suna zaune a kan tudu, sun tura sun gaji. Na tsaya. Na sauka, na naɗe wandona, na yanko sanda, na taka taɓon nan da ƙafata daga wannan baki har wancan, ina soka sandar ina neman inda ƙasa ta fi ƙarfi. Na dawo, na wanke ƙafafuna da ruwan da na zo da shi don haka, na shiga, na ja hannun, na sa giya ta ɗaya. Motar ta shiga kamar tsohuwar da ta san hanyar rijiya, ba gaggawa, ba zamiya. Ina jin tayoyin baya suna tura ƙasa tare, ina jin su har a ƙashin bayana. Muka fito a wancan gefe, na saki hannun, na tsaya. Ban taɓa yin wani abu mai tsabta irin wannan ba a rayuwata.

Mutanen da ke kan tudu suka dube mu. Wani tsoho ya faɗi wata magana da Kanuri, suka gyaɗa kai, suka koma kallon motar da ta kafe.

Alhaji ya ce, "Madalla." Ya juya wajen taubashina. "To, kai, mai da mu."

Taubashina ya zauna a kujerata, ya gyara hularsa ta ƙara karkacewa. Ya juya motar a kan tauri, ya tsaya, ya ja hannun daidai inda ya kamata, ya shiga. Bai bi sawuna ba. Ya nufi motar da ta kafe, ya tsaya a gabanta a tsakiyar taɓo, ya leƙa ya kira direban da Kanuri. Ban gane duka ba, amma na ji ya tambaye shi ko masakwa ya zo dasawa, don ya ga ya kama gona mai kyau. Tudun nan gaba ɗaya ya fashe da dariya, har da wanda aka yi wa ba'ar.

Na ce, "Injin sabo ne. Ba a jan mota da sabon inji."

Ya ce, "Hedimasta, ba a wuce direba a firki. Wannan ba ya cikin littafinka, amma yana cikin namu."

Na dubi Alhaji don ya tsawata masa. Alhaji yana kallon gaba yana jan carbi.

Aka ɗaura igiya. Mutanen ƙauyen suka sauko suka sa kafaɗa a bayan motar kifin, shi yana ba su waƙa ta taga suna amsawa. Ya ja a hankali. In faɗi gaskiya, a hankali ƙwarai ya ja, bai bar taya ta zame ko sau ɗaya ba. Motar kifin ta yi ƙugi, ta ɗago daga raminta, ta biyo mu kamar akuyar da aka ja da igiya. Mata suka bar dashe suna guɗa. Da aka kwance igiyar a bakin taɓo, direban ya zo da banda cike da hannu biyu ya zuba ta taga a cinyar taubashina, warinta ya cika sabuwar motar da na sha wuyar gogewa.

Ni idona yana wuri ɗaya. Ƙasa mai tauri tana gabanmu, bayanta kuma kwana ce. Hannunsa na dama yana waje yana amsa gaisuwa, bakinsa yana mai da ba'a, kifi a cinyarsa. Na ce a raina, yanzu zai manta. Ba zan bar aksul ya karye ba, ba irin horona ke nan ba. Na dai shirya kalmomin da zan tuna masa da su a gaban Alhaji, da murya mai sanyi, ba tare da na dube shi ba. Tayar gaba ta hau tauri. Ta baya ta hau. Sai hannunsa na hagu ya sauka, bai duba ba, bai ko yanke maganarsa ba, ya saki sakatar kamar mai korar ƙuda. Na haɗiye kalmomin nan tare da warin kifi.

Washegari da la'asar Alhaji ya kira mu gindin darbejiya. Makullin motar yana kan buzunsa.

"Injiniya, jiya na ga abin da ban taɓa gani ba. Ka taka taɓo da ƙafarka kafin ka sa dukiyata a ciki. Tun da nake da mota babu wanda ya taɓa yi mini haka."

Na ce, "Aikina ne, ranka ya daɗe."

"Mahaifina yana da wata saniya, ja, mai farin goshi. Ta fi kowace nono, 'ya'yanta ba sa mutuwa. Fatake sun zo sun yi roƙon duniya, ya ce ko kallonta kada su cika yi. Ba ta taɓa ganin kasuwa ba. In za a kora shanu kudu, bijimai ake korawa, masu ƙafa da hayaniya. Ita tana gida. Wanda ya sa irin wannan saniya a hanya, garkensa duka ya sa a hanya."

Ya ɗauki makullin ya miƙa wa taubashina ba tare da ya dube shi ba. Ni yake kallo, fuskarsa a sake, kamar mai ba ni kyauta.

"In na sa ka a hanya, mota ɗaya ce za ta ji daɗi, sauran su zama marayu. Wa zai zaɓo mini ta gaba? Kai kana gida."

Na gane cewa a wurinsa girmama ni ya yi, da girman da ya fi kowane a idon makiyayi. Ba ta yadda mutum zai yi gardama da yabo. Na ce na gode. Taubashina ya jefa makullin sama ya cafe, sa'an nan, da yake ba mugu ba ne, ya yi maza ya sa shi aljihu. Amma bakinsa bai iya yin shiru ba.

"Ka ji, Hedimasta, ashe kai ne nagge. Gobe in zo da ƙwarya?"

Abin da ya biyo baya ba ya bukatar dogon bayani. Kafin damina ta sake zagayowa, daga Dikwa har kan iyaka babu wanda bai san motar ba, kuma da sunansa ake kiranta. Maroƙan tasha suka yi masa kirari. Ya kai wa dukawa hannun sakatar suka naɗe shi da jar fata mai tuntu, don ado kawai, amma direbobin wasu gidaje suka ga yana taɓa wata jar aba kafin ya shiga taɓo, suka ce laya ce. Bai taɓa cewa laya ce ba, bai kuma taɓa cewa ba ita ba ce. Wata rana wani direba ya same ni a asirce yana tambaya wane malami ya yi aikin. Na ja shi ƙarƙashin motar, na nuna masa tukunyar, na bi ƙarfen da yatsa daga kujera har aksul, na bayyana masa komai dalla-dalla. Ya saurara da ladabi. Da na gama ya ce, "Na gane, Injiniya. To, amma wane malami ne?"

In taubashina ya dawo daga tafiya yakan zauna a kan tayar nan tasa, a kewaye shi, yana ba da labarin tafki da dorinarsa, da kasuwannin ƙetaren iyaka inda ake sayar da burodi mai tsawon kamu. Ni ina ƙarƙashin motarsa a rami, mai yana ɗiga mini a goshi, ina jin komai. Masu zuwa neman sa sukan tsallake ƙafafuna su wuce. Ni da na zaɓi kofaton da ya kai shi can, ban ga tafkin Chadi da idona ba sai bayan na yi jikoki. Matata takan ce, "Kai da kake kwana a kan gadonka kullum, kana kishin mai kwana da sauro a bakin taɓo." Ban taɓa yarda da maganarta ba.

Abu ɗaya na riƙe. Sakatar da aka manta da ita a kan tauri tana barin shaida: tayoyin baya sukan goge ta gefe, bakin sandar aksul kuma yakan fara murɗewa. Duk lokacin da motar ta shigo gareji, kafin in taɓa komai, sai na bi tayoyin nan da yatsuna. Nakan zare sandunan fiye da yadda aiki yake bukata, in wanke su, in ɗaga su a haske. Alhaji ya ƙara sayen motoci, duka masu hannu, duka ni na zaɓa, kuma sauran direbobin sun cika wa ɗan Ibon nan maganarsa, sun karya sanduna har na gaji da faɗa. Na taubashina kuwa kullum lafiya lau. Mutumin da ke manta hularsa a gidan mutane, ya manta ranar sunan ɗansa, bai taɓa manta wannan hannu ba.

Firki ba ya barin mota ta tsufa da daraja. Ranar ta zo da ƙashin motar ya tsage inda walda ba ta kamawa, Alhaji ya ce a kwance ta, sauran motoci su gaji kayanta. Ni na yi aikin. Na sauke injin da safe, da rana na zare sandunan aksul, na wanke su da kananzir, na kai su bakin ƙofa inda haske ya fi, ina juya su a hankali. A miƙe suke kamar ranar da suka zo. Ban san taubashina yana tsaye a bayana ba sai da ya yi magana.

"Ka samu, Hedimasta?"

Na ce, "Ban samu ba."

"Na so in manta sau ɗaya don in faranta maka rai. Sai na tuna wa zai sha gyaran, da wa zai sha wa'azin."

Ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin, ya goge da bakin rigarsa, ya miƙo mini. Injin yana ƙasa a kan katako, bodin yana jingine da bango, kaji har sun fara leƙa kujerar direba. Na karɓa, don ba a barin hannun mutum a miƙe. Na dubi bangon da na jera kayan aikina, na buga sabuwar ƙusa a ƙarshen layi, na rataye shi bayan ƙaramar sufana, don nan tsawonsa ya kai.